Ƙwai a Ruwan Gishiri

Litinin, 13 ga Mayu, 2:40 na rana

Kwana takwas ke nan ba saƙo.

Na sayi littafin nan ne don tsara darussan zango na uku, ga shi na ɓuge da zuba masa abin da ba na iya faɗa wa mutum. To, takarda dai ba ta da baki.

Yau ina shiga aji biyar 'yan matan suka haɗa baki kamar yadda suka saba, wai a kunna teku. Ni na ɓata su. Tun watan Maris da ƙanena Musaddiƙ ya turo min saƙon murya daga bakin ruwa a Libiya, na mai da shi mabuɗin darasi. Sakan arba'in na ƙugin igiyar ruwa, kowa ta rufe ido, sannan a buɗe littafi. Yara arba'in da biyu, 'yan Roni da Gwiwa da Yankwashi da nan Kazaure, babu wadda ta taɓa ganin ruwan da ya fi dam girma, har malamarsu. Shekara tara ina koyar da halittun teku daga hoto. Shi ya fara kawo min muryar abin.

Kullum a kan sakan na arba'in nake tsayarwa, domin daga nan maganarsa ce. Yau ko farkon ban iya kunnawa ba. Na ce musu caji ya ƙare. Bahijja, mai zama a gaba kamar an ba ta gadin allo, ta leƙa wayar a kan tebur, ta ga caji a cike, ta dube ni. Yarinyar nan ba abin da ke wuce mata.

Talata, 14 ga Mayu, 6:30 na safe

Na sake tura masa sallama. Bai shiga ba.

Alhamis, 16 ga Mayu, 4:15 na yamma

Ranar ƙungiya. Tun farkon shekara muke zama duk Alhamis bayan tashi, mu goma sha bakwai, muna raɗa wa halittun teku suna da Hausa a wani babban littafi mai baƙin bango. Su suka kawo shawarar, wai harshensu ya gaji da karyewa. Akwai Mai Hannu Takwas. Akwai Lemar Ruwa, mai harbi kamar kunama. Kifin nan da ke kumbura in an taɓa shi suka sa masa Hajiya Fushi, na hana, suka ƙi, har yau haka yake a rubuce.

Darasin yau shi ne wa ke cin wa. Ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda suka raɗa wa Tsaki, su ake fara ci, a yi ta hawa har kan manya. Abin da ya mutu kuma ya gangara ƙasa, can ma akwai masu jiransa. Sau tara na faɗi wannan maganar a shekara tara, ban taɓa jin ta a kunnena ba sai yau.

Sai wata daga baya ta ɗaga hannu, da zuciya ɗaya, ta ce to Malama in mutum ne ya faɗa fa?

Na daka mata tsawar da ni kaina sai da na firgita. Na ce nan ajin kimiyya ne, ba dandalin tatsuniya ba. Yarinya ta yi tsuru-tsuru, ido ya kawo ruwa. Ba ta yi laifin komai ba. Da bara ce har tafi zan sa a yi mata.

Saƙonsa na ƙarshe ranar Lahadi biyar ga wata ne. Za su shiga jirgin roba su tsallaka Turai, in yi addu'a, kada Inna ta sani sai ya sauka. Na amsa da to. Tun Janairu nake amsa masa da to.

Asabar, 18 ga Mayu, 5:50 na yamma

Na dawo daga Kanya Babba, wurin Inna. Duk Asabar nake zuwa, in na fasa za ta gane.

Inna Dela na nan yadda take, bakinta bai mutu ba. Ni ce 'yar fari, don haka sunana haramun ne a bakinta, sai dai ke, ko ke wannan, in an yi sa'a tana cikin raha ta ce Malama. Shi kuwa Auta, sau ashirin a yini. A saninta Auta na Legas yana lodin kaya a tashar jirgin ruwa. Ni da shi muka ƙulla wannan, a tsakar gidan nan, tana ɗaki tana sallah.

Ta nuna min ragon da take kiwata masa na layya. Ya yi ɓul-ɓul, har ya fara tunkuyi. Ta ce saura wata guda Sallah, in gaya masa ko a ƙafa ne ya taho.

Ta yi tuwo da miyar kuka. Na kai loma na ce Inna miyar nan ba gishiri. Ta ce hannunta ne ya saba, shekara ashirin da huɗu tana dafa wa ɗan gatan da in gishiri ya ɗan yi sama zai ture kwano ya kwana da yunwa. Ta turo min gwangwanin gishiri ta ce in ƙara da kaina, ai ba baƙuwa ba ce.

Da zan taho ta ba ni ƙullin ƙuli-ƙuli da dakakken yaji, in ba direban da ke kai masa. Babu wani direba. Ƙulli na huɗu ke nan. Suna kabad ɗin ɗakin gwaji a makaranta, bayan kwalaben da ba a amfani da su.

Litinin, 20 ga Mayu, 11:20 na safe

Sama'ilu ya kira. Abokin Musaddiƙ ne ɗan Ɓaɓura, tare suka ratsa hamada, shi ya tsaya can Libiya yana aikin gini. Na fita daga aji na tsaya ƙarƙashin darbejiya.

Ya ce jirage uku suka tashi a ranar. Ɗaya ya isa. Ɗaya masu tsaron gaɓa sun kamo shi sun dawo da shi, mutanen na tsare, an ƙwace musu waya. Na ukun ba wanda ya san labarinsa. Na ce a wanne yake? Ya ce wallahi Yaya bai sani ba, bai raka su bakin ruwa ba.

Da ya isa da ya kira. Saura biyu.

Ban taɓa zaton akwai ranar da zan ɗaga hannu in roƙi Allah ya sa ɗan'uwana yana kurkuku ba.

Laraba, 22 ga Mayu, 2:30 na rana

Mun yi dabba mafi girma a teku. Su dai kifin Annabi Yunusa suke ce mata, tun zangon farko. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe cewa ba kifi ba ce, haihuwa take, tana shayarwa, kuma sai ta taso sama ta shaƙi iska. Suka ce sun ji, amma sunan na nan. Wata ta ce to in tana shayarwa ai uwa ce, shi ya sa ba ta tauna Annabi ba. Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, karo na farko a makon nan.

Na nemi yarinyar da na yi wa tsawa na ba ta haƙuri a gaban kowa. Kunya ta kama ta kamar ita ta yi laifin.

Addu'ar Annabi Yunusa ta zama min kamar numfashi. Ina rubutu a allo ina yin ta.

Juma'a, 24 ga Mayu, 3:10 na yamma

Maigidana ya ce in faɗa wa Inna. Shi kaɗai ya sani. Ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma uwa tana da haƙƙin yi wa ɗanta addu'ar da ta dace da halin da yake ciki. Na ce in faɗa mata me? Ya mutu? Yana raye? Yana ina? Ka ba ni ɗaya in kai mata. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa na ji haushi.

Asabar, 25 ga Mayu, 6:05 na yamma

Na yi abin kunya.

Wayar Inna ƙarama ce mai tocila, saƙon murya ba ya shiga, don haka ta wayata yake gaishe ta, ni in kunna mata. Yau ta ce mako uku ba ta ji muryar Auta ba, ko mun yi faɗa ne. Sai na lalubo wani tsohon saƙo na watan azumi na kunna mata a matsayin na jiya. Ta kara a kunne tana murmushi, tana amsa gaisuwar kamar yana jin ta. Da ya ƙare ta riƙe wayar ta ɗan jima.

Ta ce, "Wannan tarin nasa har yanzu bai sake shi ba? Tun azumi yake yin sa, a daidai wurin nan."

Na ce ƙurar siminti ce. Ta miƙo min wayar ba ta dube ni ba. Ƙulli na biyar.

Litinin, 27 ga Mayu, 1:50 na rana

Shugabar makaranta ta ce kafin hutun Sallah kowace ƙungiya ta baje kolin abin da ta koya a shekara. Bahijja ta ce mu namu gwajin ƙwai za mu yi, shi ya fi burge mutane.

Gwajin ƙwai. Da shi nake buɗe kowace shekara. Kofi biyu na gilashi, ɗaya ruwan dam, ɗaya in yi ta dumbuza masa gishiri da hannu ina juyawa, in ce ga teku. A saka ƙwai a na farko ya nutse, a saka a na biyu ya taso ya yi ta lilo a sama. Sai in ce su rubuta: ruwan teku yana ɗaga abu, ba kamar ruwanmu ba. Yara na son sa. Ni ma haka aka nuna min a kwaleji, haka nake nunawa.

Bana a watan Oktoba na gwada shi a gida kafin in kai aji, a tsakar gidan Inna, da ƙwan zabuwarta da gishirinta, tana ta mita wai boko ya ƙare a ɓarnar kayan miya. Musaddiƙ na tsugune yana kallo. Da ƙwan ya taso ya danna shi da yatsa, ya sake tasowa. Ya danna, ya taso. Ya yi ta dariya.

Bahijja ta ce wannan karon ba da hannu za a zuba ba, za ta auna daidai yadda teku yake, tunda Malam Silvanus ya koya musu sikeli. Na ce madalla. Hankalina ba ya wurin.

Alhamis, 30 ga Mayu, 4:40 na yamma

Ya nutse.

Bari in rubuta a jere.

Malam Silvanus, malamin sinadarai, shi ke riƙe da makullin sikeli. Mutumin bakin teku ne daga kudu, shekara ashirin a Kazaure, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya kawo sikelin ya tsaya gefe. Bahijja ta buɗe littafinta na zangon farko, ta karanto abin da ni da hannuna na rubuta musu a allo: gishiri giram talatin da biyar a lita guda ta ruwan teku. Ta auna. Ɗan mitsitsi ne, bai fi cokalin cin abinci biyu ba. Ta juya har ya narke, ta saka ƙwai.

Ya tafi a hankali, ya zauna a gindin kofi daram.

Ta ce ƙwan ne ya lalace. Aka sako wani, ya bi ɗan'uwansa. Aka sa na uku. Ta sake aunawa tun daga farko, gumi na tsatsafo mata a hanci, tana cewa Malama ki yi haƙuri, ni na ɓata. Malam Silvanus ya ce ba ta ɓata komai ba, haka teku yake. Kafin ƙwai ya taso sai an ninka gishirin nan sau uku ko huɗu. Ya faɗa a hankali, yana kallon sikeli, don kada ya kunyata ni a gaban yara.

Shekara tara. Adadin na allo, kofin na tebur, ban taɓa haɗa su ba.

Na ce a tashi. Na zauna ni kaɗai da ƙwai uku a gindin ruwa.

Abin da ke bayan sakan na arba'in, wanda nake yankewa kullum, na haddace shi. Dariya yake, iska na kaɗa maganar. "Yaya, ga tekunki, ki kunna wa ɗalibanki. Na ɗanɗana, wallahi ba ya shiga baki. Kada ki damu da ni, ki tuna ƙwai. Ke kika ce ɗaga mutum yake."

Ko a kududdufin bayan gari bai taɓa iyo ba. Inna ba ta bari.

Juma'a, 31 ga Mayu

Ban je ba. Na ce zazzaɓi.

Asabar, 1 ga Yuni, 10:00 na safe

Ban je Kanya ba. Na ce zazzaɓi.

Litinin, 3 ga Yuni, 2:20 na rana

Malam Silvanus ya same ni a ɗakin gwaji ina wanke kofunan da aka riga aka wanke. Ya ce Malama Lailatu, ƙwai bai isa ya kwantar da mutum kwana uku ba. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Ban san yadda aka yi ba, na faɗa masa duka. Mutumin da shekara tara gaisuwa da aron alli ne kawai tsakaninmu.

Bai ce min komai zai yi daidai ba, na gode masa da wannan. Ya ce mahaifinsa masunci ne. Teku na ɗan sauƙaƙa wa wanda ya iya iyo, amma ba ya ɗaukar wanda bai iya ba, kuma in igiya ta tashi gwani da ɗan koyo duk ɗaya ne. Ya ce ƙanin mahaifinsa ya fita da kwalekwale bai dawo ba, aka ɓoye wa kakarsu wata biyu don tausayi. Da ta ji, ba ɗan ta fara yi wa kuka ba. Cewa ta yi wata biyu suna kallonta tana ajiye masa abinci.

Ya ce zai sa Musaddiƙ a addu'a a cocinsu, in ban damu ba. Na ce a halin da nake ciki wa zan hana.

Laraba, 5 ga Yuni, 12:10 na rana

Sama'ilu ya samo sunayen wasu daga cikin waɗanda ke tsare. Ya karanto min ɗaya bayan ɗaya, har talatin da ɗaya. Babu. Ya ce amma ba su cika ba Yaya, an rarraba su wurare.

Ba su cika ba. Da wannan zan yi mako.

Alhamis, 6 ga Yuni, 4:30 na yamma

Na sa aji biyar duka suka fito da littafin zangon farko. Na ce su nemo inda aka rubuta ruwan teku yana ɗaga abu, su ja layi a kai da jan biro, su rubuta a gefe: yana ɗagawa kaɗan, bai isa ya hana nutsewa ba. Na ce ni na koyar da ku ba daidai ba, da ku da yayyenku na shekara takwas, wadda ke da yaya a gida ta je ta gyara mata. Ba su saba jin malami ya ce ya yi kuskure ba, sai suka rasa inda za su sa idonsu.

Bayan tashi Bahijja ta tsaya tana ta jujjuya jakarta. Ta ce ta hana ni lafiya da aunawarta, da ta sani da hannu ta zuba. Na ce kul, kada in ƙara ji. Duk abin da na koya musu bana, wannan aunawar ta fi shi.

Ta kai bakin ƙofa ta juyo. Ta ce wata rana na makara wajen kashe teku, sun ji wani ya fara dariya. Na ce ƙanena ne. Ta ce yana can? Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Allah ya bayyana shi, Malama."

Ba ta ƙara tambaya ba. Shekararta goma sha shida.

Asabar, 8 ga Yuni, 6:15 na yamma

An yi ruwa jiya, Kanya duk ƙamshin ƙasa. Na tafi da niyyar faɗa. Tun a mota nake jera maganar.

Na tarar da Inna tana wanke ragon da sabulu, ta ɗaure zani a ƙirji kamar yarinya. Watan Sallah ya kama. Ta ce ta sa an shuka gonar Auta da gero, in ya zo ya tarar ya tsiro. Ta tambayi jikina, ta ce na rame, ko maigidan ne ba ya cefane. Na buɗe baki, sai na ji ina cewa ya ce a gaishe ki.

Ƙulli na shida. Har da kilishi a ciki.

Wata biyar ke nan ina dumbuza wa Inna gishiri da hannu don kada ƙwan ya nutse a gabanta.

Talata, 11 ga Yuni, 1:15 na rana

Ɗakin gwaji ya fara warin ƙuli-ƙuli. Tururuwa sun gano kabad.

Alhamis, 13 ga Yuni, 3:45 na yamma

An yi baje kolin, an ba da hutun Sallah.

Kofi uku Bahijja ta jera. Ta rubuta wa na farko Ruwan Dam, na biyu Teku na Gaskiya. Na ukun, mai ƙwai a sama, ta zo tun da safe tana tambaya me za a rubuta, don ba ta son ta ci min fuska. Na karɓi biro na rubuta da kaina: Tekun Malama. Iyaye suka yi ta dariya, wani dattijo daga Gwiwa ya sa yatsa a na tsakiya ya lasa, ya yamutsa fuska ya ce to kifin da ke ciki da me yake kashe ƙishirwa? Yara uku suka yi rige-rigen ba shi amsa, kuma daidai suka ba shi. Na tsaya daga baya ina kallonsu. Shekarar ba ta tafi a banza ba.

Littafin sunaye ya kai ɗari da huɗu.

Da kowa ya watse na kwashe ƙulli shida na zuba a buhu.

Juma'a, 14 ga Yuni, 5:00 na yamma

Sama'ilu bai kira ba. Gobe.

Lahadi, 16 ga Yuni, ranar Sallah, 7:10 na safe, Kanya Babba

Maza sun tafi idi. Ragon na ɗaure a gindin zogale. Ina zaune a ɗakin da aka haife mu.

Jiya da la'asar na iso. Inna na azumin Arfa, tana kan tabarma tana tsince shinkafa. Na ajiye buhun a gabanta na kwance bakinsa. Ta leƙa. Ta fito da su ɗaya-ɗaya, ta gane ɗaurinta, ta jera su a tabarma har shida. Ta daɗe tana kallonsu.

Sai ta ce, "Lailatu."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ban ma san haka yake fita ba.

"Ina ɗana?"

Na faɗa mata. Hamada, Libiya, jirage uku, sunaye talatin da ɗaya da ba su cika ba. Ban ƙara ba, ban rage ba. Ta yi salati, ta maimaita, ta maimaita. Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce tun ranar tarin nan ta san akwai magana, amma ta ɗauka kurkukun Legas ne, ta ce bari ta jira in gaji da ɗaukar kayan.

Na faɗa mata zancen ƙwai, ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Na ce ni na ce masa teku na ɗaga mutum. Ta ce in share hanci in saurare ta. Yaron da ya ratsa hamada bai juyo ba, ba ƙwan zabuwa ne ya tura shi ruwa ba, kada in ɗauki kayan da ba nawa ba. Nawa daban ne. Kwana arba'in ɗanta na hannun Allah tsakanin ruwa da kurkuku, ita tana roƙa masa kasuwa da mace tagari. Ta ce wannan za ta yafe, amma ba yau ba.

Na ce ragon fa, a bari? Ta ce a yanka. In yana raye layyarsa ce, in ba ya raye sadakarsa ce, ko ta ina za ta same shi.

Ta ce in kunna mata ruwan. Na kunna, ban tsayar a arba'in ba. Ta kara a kunne har dariyar ta ƙare, ta ce a sake. Sau huɗu.

Da rana ta kusa faɗuwa ta tambaye ni, shi gishirin na gaskiya nawa ne. Na ce cokali biyu a wannan robar. Ta ce in haɗa mata, kada in zuba da hannu. Na ɗauko cokali da gwangwaninta na auna, na juya har ya narke.

Aka kira magariba. Ta ci dabino ɗaya, ta yi bismilla, ta ɗaga robar ta kurɓa. Ta riƙe shi a baki, idonta a rufe. Na ce Inna ki zubar. Ta haɗiye.

Ta ajiye robar a hankali, ta goge bakinta da gefen mayafi.

"Allah sarki Auta," ta ce. "Yaron da ko miya ta ɗan yi gishiri ba ya iya ci."